Ɗinkin da Yaya Ba Ta Warware Ba

Yayata tela ce. A unguwarmu ba mai kiran ta da wani suna sai Tela, har mijinta. Ni kaɗai nake ce mata Yaya, ita kuma ta ce mini Akawu tun da na samu aiki a ofis, sai in ranta ya ɓaci ta koma ce mini Auta. Ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, don haka yawancin abin da zan faɗa a nan da idona na gan shi. Inda ji na yi, zan ce ji na yi.

Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran takalmi da kantin magani. Keken ɗinki yana dama kusa da taga, teburin yanka yana hagu, ga dogon madubi mai tsaga jingine da bango, sai labulen da mata ke shiga bayansa su gwada kaya. A kan keken kullum akwai ɗan gwangwani, cikinsa allurai da alli da reza. Hanyata ce in na tashi daga aiki, sai in zauna a bencin masu jira mu gaisa.

Kowane tela yana da reza don warware ɗinkin da ya karkace, amma ta Yaya ta fi ta kowa shan aiki. In ta gama riga sai ta juya ta ciki ya koma waje, ta kai bakin taga, ta bi ɗinkin da babban yatsa daga wuya har ƙasa. In ta ji zare ya yi tsalle ko sau ɗaya ne, sai reza. Mai kaya tana tsaye tana cewa, "Haba Tela, wa zai gani? Ciki ne fa," ita kuwa ta riga ta farke.

Wajen uwar ɗakinta ta koyo wannan hali. Wannan ji na yi, don lokacin ina ƙarami. Tsohuwar tela ce mai tsoron Allah da zafin hannu, yabo ba ya fita daga bakinta. In 'yar koyo ta kawo aiki, sai ta juya shi, ta ɗaga a haske, ta ce, "Ni kike ɓoye wa? Allah ma ta ciki yake fara dubawa." Sannan ta sa reza. Sauran 'yan matan sun koyi ɗinki sun manta da maganar. Yaya ta koyi ɗinki ta riƙe maganar, har ya zama in ta rufe ido za ta yi addu'a, abin da take gani ke nan: an juya ta ciki waje, an ɗaga ta a haske, ga reza a hannu. Da bakinta ta gaya mini haka, bayan shekaru masu yawa.

A ikilisiyarmu babu aikin da ba a ganin hannunta a ciki. Ita ta ɗinka rigunan mawaƙa, ita take gyara su in wani ya yi ƙiba ko ya rame. Ran Asabar tana cikin masu shara, kuma ita ce ta ƙarshen fita, don sai ta sake bin bencin da wasu suka goge. In an ce wance tana asibiti, kafin matar Fasto ta ɗaura ɗankwali Yaya ta isa. Azumi kuwa, ta yi wanda aka sa, ta ƙara da nata. Duk da haka, in ranar Jibin Ubangiji ta zo, dattawa suka biyo layi da farantin gurasa, sai ta karɓa da hannu biyu, ta miƙa wa na kusa da ita ba ta ɗauka ba. Haka take yi da ƙoƙon. Ta yi shekaru a haka, har dattawan suka saba, wani ma ba ya tsayawa a gabanta.

Mijinta direban babbar mota ne da ya ajiye tuƙi, mutum mai ƙatuwar murya da dariya. Ba ya iya haƙuri sai ya tanka. Muna fitowa daga sujada zai fara.

"Tela, yau ma an kawo abinci kin ce kin ƙoshi?"

"Ka bar wasa da abu mai tsarki, Baban yara."

"Wa yake wasa? Ni da na zagi mai babur ran Laraba na tuba na ci. Ke da kika wuni kina goge benci kin ƙi. Akawu, kai ne mai ilimi, warware mana wannan."

Na ce ni ba ruwana, tsakanin harshe da haƙori ba a sa yatsa.

"Kai ka san tsakaninka da Ubangijinka," in ji Yaya. "Ni ban shirya ba tukuna."

Kullum tana da dalili. Ta yi wa mai kaya magana da zafi. Ta yi gyangyaɗi a tsakiyar addu'a. Wata tsohuwa ta rasu kafin ta je gaishe ta. Fasto, dattijo ne mai sanyin magana, ya zauna da ita ba sau ɗaya ba, ya ce mata ceto kyauta ne, Yesu ya gama aikin a kan gicciye, teburin na masu yunwa ne. Ba ta taɓa yi masa musu ba. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Na sani, Baba. Amma wanda aka yi wa babbar kyauta ya kamata godiyarsa ta nuna. Tawa ba ta kai ba." Daga nan sai ta ƙara wani aiki a kan na da.

Ana nan sai ido ya fara. Da fari zare ne ya ƙi shiga kafar allura, ta ce tsufa ne, ta sayi tabarau a kanti. Sai ta fara tuntuɓe da benci, tana bugun ƙofar shago da kafaɗa. Wata rana ta tambaye ni ko ni ma ina ganin zobe mai launi kewaye da ƙwan lantarki. Na ce a'a. Washegari na ɗauki izini a ofis na kai ta wajen likitan ido.

Likitan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce hawan jinin ido ne, ya riga ya ci gefen idon hagu, ya fara taɓa na dama. Ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a tsare abin da ya rage. Ya ba ta maganin ɗigawa, ya ce nata ya wuce magani kaɗai, tiyata za a yi, kuma kada a ja lokaci. Yaya ta saurara, ta yi godiya, ta ninke takardar ta sa a jaka.

A makon nan ne wani iyali a ikilisiya suka kawo farin yadi mai tsada, don tunawa da mahaifinsu, a yi sabon mayafin teburin Jibi, tsohon ya ƙoɗe. Ba a ma yi shawara ba aka kai wa Tela. Kalmasa za ta yi a gefe huɗu, ta yi aikin zare a tsakiya, gicciye da zangarniyar alkama. A da, aikin 'yan kwanaki ne a wajenta.

Na je shago na same ta ta shimfiɗa yadin a kan teburin yanka, ta wanke hannu tana shafa shi.

"Yaya, ranar asibiti ta kusa."

"In na gama wannan."

"Likita ya ce kada a ja lokaci."

"Akawu, ka ji ni da kyau. In an taɓa idon nan, wa ya san ko zan sake riƙe allura? In wannan ne aikina na ƙarshe, bari in yi shi yadda zan iya ɗaga kai. Duk abin da na ɗinka a baya akwai abin da ya rage. Wannan ɗaya dai, ɗaya tak, in kai masa ba aibi."

Na ce mata Allah ba ya bukatar mayafi kamar yadda take bukatar ido. Ta dube ni kamar na yi ashar a coci, na ja bakina.

Abin da ya biyo baya, kullum ina gani in na biyo da yamma. Ta yi layi ɗaya na aikin zare, ta juya, ta kai taga. Idon yana ɓoye mata wani wuri, sai ta ga kamar zare ya yi tsalle. Ta sa reza ta warware, ta sake. Na karɓa na duba, na ce, "Yaya, wallahi a miƙe yake." Mai gyaran takalmi ya leƙo ya duba, ya ce ko da ma'auni aka ja sai haka. Ta ce mu ba teloli ba ne. Ranar asibiti ta zo ta wuce. Na koma na karɓo wata rana, ita ma ta wuce. Direba ya yi lallashi, ya yi faɗa, har ya ɓoye mabuɗin shago a cikin takalminsa, ta je ta kira mai gyaran kwaɗo.

"Matar nan za ta kashe ni," ya ce da ni a ƙofar gida, ranar babu dariya. "Mota in ta ce ƙwal a hanya tsayawa ake yi a duba. Ita tana jin ƙara tana ƙara wuta."

Kowane tela ya san yadi ba ya jure allura har abada. Duk huda tana raunana zare, duk warwara tana cin wani abu. Yaya ta fi kowa sanin haka, ita take gaya wa masu kaya. Amma ta bi layin ƙafar gicciyen nan ta warware har wurin ya yi laushi kamar tsumma. Ina zaune a benci ranar da abin ya faru. Ta ɗaga mayafin a haske, ta ɗan ja shi da hannu biyu don ta ga layin sosai, sai muka ji kyaaat. Ya tsage daga tsakiya har kusan gefe.

Ba ta yi ihu ba. Ta zauna a kujerar keke da yadin a cinya, tana haɗa bakin tsagar da yatsu kamar zai manne.

"Auta," ta ce, "ya ƙi karɓa."

"Yaya, yadi ne ya gaji."

"Amana aka ba ni, ta teburinsa, na lalata da hannuna. Me ya rage kuma? In mai kyau na kawo bai isa ba, in na ƙarshe na kawo ya yage. Ka gaya mini me zan kai masa."

Na rufe taga, na kulle shago, na riƙe hannunta muka tafi gida, tana tuntuɓe da bakin kwalbati.

Masu yadin ba su yi fushi ba, ko kuwa sun ɓoye. Matar Fasto ta kai wa wata tela, aka yanka shi ƙanana na rufe faranti. Yaya ba ta so a gaya mata ba. Da muka koma asibiti, likita ya duba ya ce idon hagu ya tafi, sai dai a yi ƙoƙarin na dama. Aka yi tiyata.

Kwanakin jinya su ne mafi muni da na gani a rayuwarta. An hana ta sunkuyawa, an hana ta ɗaukar ko bokiti, an hana azumi saboda magani. Macen da ba ta taɓa zama hannu sake ba, ga ta a kan gado da bandeji, a ɗaki mai labule a sauke. 'Ya'yanta suna nesa da aikinsu, sun zo sun koma. Direba ne ya ɗauki gida. Ya ƙona shinkafa, ya wanke fararen kaya da masu zuba, ya ɗiga mata magani rabi a ido rabi a kunci. In na zo da yamma sai in same ta leɓɓanta suna motsi. Na ɗauka addu'a take. Da na matsa sai na ji tana jero waɗanda ba ta je gaisuwa ba, da benci wa zai goge, da rigar mawaƙin da ta bari ba hannu.

Fasto ya zo da ƙaramin akwatin da yake kai wa marasa lafiya Jibi a gida. Ya yi addu'a, ya buɗe, ya ce, "'Yata, na kawo miki."

"Baba, a da ma da nake da hannu ban isa ba, balle yanzu da nake kwance kamar kayan wanki."

Ya ɗan jira, sannan ya rufe akwatin. Ya ce zai sake zuwa, ba gajiya zai yi ba.

Bayan ya fita ne na lura da rigar jikinta. Doguwar riga ce ta zaman gida, ruwan ƙwai, ita ta ɗinka ta. A ƙarƙashin hammata akwai wani ɗinki da baƙin zare mai kauri, manya-manyan taku, wani ya hau wani, da ƙulli kamar ƙwayar wake. Dariya ta kusa ƙwace mini.

"Yaya, wane maƙiyi ne ya yi miki wannan?"

"Baban yara ne. Wajen shanya ya yaga ta."

"Ai wannan ɗinkin tampol ne. Ki cire in kai a gyara, ko in ɗauko reza in warware miki yanzu."

Na kai hannu, ta buge shi. Bugu sosai, irin na lokacin da nake yaro.

"Kada ka taɓa."

"Ba ki gan shi ba ne."

"Na juya na shafa tun ranar. Tun da nake ban taɓa jin mummunan ɗinki irinsa ba. Da allurar buhu ya yi. Ina kwance ina jin sa a tsakar gida, allura tana sokinsa yana tsaki a hankali, wai kada in ji. Mutumin da ko botin bai taɓa sawa ba. Ka bar mini abina."

Ashe Direba yana bakin ƙofa da kofin ruwa. Na ɗauka zai yi ba'a kamar kullum. Ya ajiye kofin a kan kujera, ya tsaya yana duban yatsunsa.

"Tela," ya ce, "kin juya nawa, kin ga abin da ke ciki, kin sa a jikinki. Ashe kin fi Allah tausayi ke nan?"

"Saɓo kake yi, Baban yara!"

"Tambaya na yi. Ni direba ne, ban san wa'azi ba."

Ta juya fuska bango. Ji na yi cewa ba ta sake yi masa magana ba sai washegari, kuma da ta yi, cewa ta yi gishiri ya yi yawa.

Na so in ce daga ranar ta sami sauƙi, amma ba haka aka yi ba. Ta ƙara shiga damuwa. Bayan an cire bandeji, idon dama ya dawo da ɗan gani, kamar mai leƙe ta bututu. Na same ta zaune a bakin gado, rigar nan a jikinta.

"Tambayar mutumin nan ta hana ni sakat," ta ce. "In na ce e, na fi shi tausayi, na yi saɓo. In na ce a'a, to me nake yi duk shekarun nan? Wa nake gudu?" Ta kai hannu ta taɓa idon hagu. "Akawu, ashe ba shi ya ce in ba shi wannan ba. Ni na ɗauka na kai, ba wanda ya tambaye ni."

Ranar ta yi kukan da ba ta yi ba lokacin da mayafi ya yage. Na tuna likita ya ce a kiyaye idon, na rasa yadda zan ce wa mutum ya daina irin wannan kuka.

Ranar Jibi ta gaba muka kai ta coci, Direba a dama, ni a hagu wajen idon da ya mutu. Dattijon da ya biyo layinmu ya saba, har ya miƙa farantin zai tsallake ta. Sai ya ga hannunta a buɗe. Ta lalubi gurasar, ta riƙe. Kowa ya ci, ita tana riƙe da tata. Fasto yana gani daga gaba, ya ja addu'a fiye da yadda ya saba. Can ta kai baki.

A hanyar gida Direba bai ce uffan ba, abin da ban taɓa gani ba. Ni ne na kasa haƙuri na tambaye ta yaya ta ji.

"Tsoro nake ji," ta ce. "Har yanzu. Amma na ci."

Ba ta koma ɗinki ba. Ta ba wata matashiyar tela hayar shagon, takan je ta zauna a benci ta ji ƙarar keke. Tsoron bai bar ta gaba ɗaya ba, kuma ba na jin zai bar ta. Akwai makon da take cikin walwala, akwai makon da za ta tashi da maganar wata da ba ta je dubawa ba, ko addu'ar da ta yi da rabin zuciya, sai ka ga fuskar ta koma irin ta da.

Watan da ya wuce, ranar Jibi ta faɗo a irin wannan makon. Ta yi wa Direba faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ta shiga coci ba ta ce wa kowa komai ba. Da faranti ya iso, ta karɓa da hannu biyu ta miƙa mini ba ta ɗauka ba. Na ɗauki tawa, na ba na kusa, farantin ya kai ƙarshen benci, dattijo ya karɓa zai wuce layin baya. Sai Yaya ta miƙa hannu ta gabana tana lalube a iska.

"Baba," ta ce, da muryar da har mawaƙa suka juyo, "dawo da shi."